ZAUREN UWARGIDA: Kafin ki zaɓi gari, tambayi inda mata ke zaman ɗinki

  

A wannan watan na ajiye batun da na yi niyyar kawo muku, saboda wani saƙo da ya iso mini daga wata baiwar Allah 'yar Tozai, cikin ƙaramar hukumar Isa ta Jihar Sakkwato. Ta ce maigidanta ya yanke shawarar su bar gari da zarar an kau da amfanin gona, domin zaman ya ƙi daɗi. Suna da yara, suna kuma tare da surukarta, tsohuwa mai fama da sanyin ƙashi. Wani ɗan uwan maigidan ya ce su taho Jos, wasu dangi na Maraɗi, wasu na cikin Sakkwato, akwai kuma mai ba su shawarar Kano. Ita kuwa sana'arta ɗinki ce ta hannu: tana ɗinka hula, tana kuma haɗa ƙyallaye ta yi bargo da shimfiɗar jariri, kamar yadda kakarta ta koya mata.

Ga abin da ta faɗa da bakinta, wanda ya hana ni barci: "Hajiya, ni ba tahiyar ce damuwata ba. Damuwata in tai garin da ban san kowa ba, in zamna ɗaki ina jiran abin da za a miƙo min. Mu shidda ne ke zaman ɗinki tun sadda anka kawo ni amarya, yanzu kowace ta kama gabanta."

Uwargida, ko ke ma kina shirin tashi, ko canjin wurin aiki ne ya kama maigida, ko kuwa kina zaune lafiya a garinku baƙi na zuwa suna samunki, wannan magana ta shafe ki. Ki gyara zama.

BA YAU GOBIRAWA SUKA FARA TASHI BA

Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ya shiga. A shekarar 2019 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 20,000 ne suka tsallaka zuwa Jamhuriyar Nijar daga arewa maso yammacin Nijeriya a tsakanin Afrilu da Mayu kaɗai. A ƙarshen Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A Disambar 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a wannan yanki. A Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Don haka duk wadda ta ce za ta tashi, kada a yi mata gorin cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsira da rai da mutunci ya fi gaban gori.

Kuma ki sani, 'yar uwa, kakanninki sun yi irin wannan tafiya. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, wadda kufanta ke nan cikin ƙasar Sabon Birni, Gobirawa da yawa sun yi arewa har suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya dawo da jama'arsa ya kafa Sabon Birni. Nana Asma'u 'yar Shehu tana yarinya 'yar kimanin shekara 11 aka yi hijira da ita daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Duk waɗannan tafiye-tafiye da mata aka yi su, da goyo a baya da kaya a ka. Abin da ya tsayar da su a sabon wuri shi ne abin da suka iya da hannunsu, da kuma matan da suka zauna tare da su.

ƊUMI IRI BIYU NE

A Amurka akwai al'adar da tsofaffi ke yi idan sun ajiye aiki: sai su bar jihohin arewa masu ƙanƙara su koma masu ɗumi irin Fulorida da Arizona. Wasu daga cikin matansu kafin su tashi sukan bincika ko garin yana da ƙungiyar masu ɗinkin bargo, domin sun san kaɗaici ya fi sanyi cin jiki. Su zaɓi ne na jin daɗi, mu kuwa sau da yawa dole ce ta kore mu. Amma tambayar da suke yi mai hankali ce, kuma mu mun fi su buƙatarta.

Mu fara da ɗumin gari. Mutumin Sakkwato ba a ba shi labarin zafi, tunda a watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40. Jikin da ya saba da wannan, musamman na tsoho da na jariri, yakan sha wahala idan aka kai shi gari mai sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin darenta a Disamba da Janairu ba irin namu ba ne. Ba hana ki zuwa Jos nake yi ba, gari ne mai albarka da kayan lambu, amma idan akwai mai sanyin ƙashi, ko mai asma, ko yaro mai amosanin jini a gidanki, ki sa wannan cikin lissafi, ki kuma tambayi likita. Zariya ma ta fi Sakkwato sanyi da hunturu. Maraɗi da Sakkwato kuwa iskarsu kusan ɗaya ce da ta gida.

Sannan ki lura, sanyin baƙunta ya fi na gida tsanani ko da garin mai zafi ne. A gida ɗakinki na ƙasa ne mai riƙe ɗumi, kina da kara da itace. A sabon wuri wataƙila kango za a ba ku, ba ƙofa ba taga, siminti ne ƙasa. A nan ne mata ke kunna gawayi su rufe ɗaki su kwanta. Don Allah kada ki yi haka. Hayaƙin gawayi yana da guba marar wari, tana kashe mutum cikin barci, ban da gobarar da kan tashi. Bargo mai kauri ya fi kaskon wuta aminci, kuma ga shi ke kin iya yin sa.

Ɗumi na biyu shi ne na mutane. Akwai garin da za ki shekara maƙwabciyarki ba ta san sunanki ba. Akwai kuma unguwar da ranar da kika sauka za a aiko miki da tuwo, kashegari a zo a ce ki fito tsakar gida ana hira. Larabawa na cewa a nemi maƙwabci kafin gida, mu kuma muna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan kika sauka cikin mata masu sana'a, sana'a za ki kama. Idan kika sauka cikin masu zaman jiran rabon tallafi da gulma, to Allah ya kiyaye.

WANNAN ƊINKI BA BAƘO BA NE

Wata za ta ce, haɗa tsummoki har wata sana'a ce? Ki tsaya ki ji. Idan kin taɓa kallon hawan Salla kin ga 'yan lifida, su da dawakinsu cikin tufa mai kauri. Lifidi ba komai ba ne illa yadi biyu da aka cusa wa auduga a tsakani aka bi da ɗinki, har ya iya tare kibiya. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen shekarar 1400, ake amfani da shi. Dabarar da ta kare mayaƙa ita ce dai ke kare jaririnki daga hunturu.

A wasu ƙasashe wannan aiki ya ɗaga mata daga ƙasa. A Jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, na baƙaƙen fata jikokin bayi, kogi ya kusa zagaye shi. Talauci ne ya sa matansu haɗa tsofaffin wandunan aiki da buhunan gari suna yin bargo domin gidajensu na katako ba sa tare sanyi. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin kai ta masu ɗinkin bargo suna sayarwa tare. A 2002 aka baje barguna nasu a manyan gidajen nune-nune na Hustan da Niyok, a 2006 kuma gwamnatin ƙasar ta buga hotunansu a kan sarkin wasiƙa. A Indiya, matan Siddi na Jihar Karnataka, waɗanda asalinsu 'yan Afirka ne kuma akwai Musulmi cikinsu, suna yin irin nasu da suke kira kawandi. Matan Bangaladash na da kanta, wanda suke yi da tsofaffin zannuwa. Duk cikinsu babu wadda ta fara da jari. Da tsumma da allura suka fara, kuma ba su yi shi a ɗaiɗaiku ba.

ABIN DA ZAMAN ƊINKI KE YI WA BAƘUWA

Na farko, kasuwa. Ke baƙuwa ce, ba ki san dillaliya ba, ba ki san telan da zai ba ki ƙyallaye ba, ba ki san farashin gari ba. Matan da kika tarar suna zaman ɗinki sun riga sun san duk wannan. Rana ɗaya a cikinsu ta fi miki wata uku na yawon tambaya.

Na biyu, jari. Inda mata ke sana'a tare, da wuya a rasa adashi. Babu mai saka baƙuwa a adashi daga gani, amma wadda ake ganin aikinta kullum, ana ganin abin da ke shigo mata, ba a jinkirin karɓarta. Kwasa ɗaya na iya zama kafin alƙalamin keken ɗinki.

Na uku, labarin gari. A wurin zaman nan za ki ji wace Islamiyya ce ke karɓar yara a tsakiyar zango, wane asibiti ne ke awon ciki da sauƙi, wane mai gida ne ba ya wulaƙanta 'yan haya, wace unguwa ce ba a barin 'ya mace ta bi da yamma.

Na huɗu, kuma shi ne babba, sanyin zuciya. Matar da ta kwana a daji da 'ya'yanta, ko ta ga an kashe nata a gabanta, ba ta iya zama ta fuskanci mutum ta ba da labari. Amma idan ido na kan allura, hannu na aiki, maganar kan fito da kanta a hankali, a yi kuka a share hawaye a ci gaba da ɗinki. Wadda ta kulle kanta a ɗaki kuwa, tunani ne zai ci ta, hawan jini ya biyo baya. Idan abin ya kai ga rashin barci da firgita kullum, a je asibiti, ba abin kunya ba ne.

Na biyar, 'ya'yanki mata. Idan babu abin da ke shigowa gida, farantin talla ne ke hawa kan yarinya a garin da ba ta san hanyoyinsa ba, ko kuma a tura ta aikatau gidan da ba ki san halinsu ba. Yarinyar da ta dawo makaranta ta zauna kusa da ke tana jera ƙyallaye, kin san inda take, kuma tana koyon abin da za ta tafi da shi ɗakinta.

Ba sabon abu na kawo ba. Nana Asma'u da ta ga matan karkara sun warwatse bayan yaƙe-yaƙe, sai ta tsara su ƙungiya-ƙungiya, 'Yan Taru, kowace da jajiyarta mai malfa, suna koyon addini suna kula da marasa lafiya da gajiyayyu. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah ya ƙara mata yarda, da hannunta take jima da ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu, har aka shaide ta da cewa ta fi sauran matan Manzon Allah (SAW) yawan kyauta. Hannun da ke aiki shi ke iya bayarwa.

MU AUNA GARURUWAN

Sakkwato. Amfaninta kusanci da gida. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, maigida na iya leƙa gona idan hanya ta yi kyau, labarin gida na iso miki kullum. Gari ne da ya shahara da aikin fata, mata na ɗinkin hula a cikin gidaje, akwai kuma cibiyar ci gaba da karatun mata inda matan aure ke komawa aji su koyi sana'a. Matsalarta ita ce waɗanda suka riga ki zuwa suna da yawa, daga Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah, don haka ɗakin haya da aikin yi duk ana rububinsu.

Maraɗi da kewayenta. Ga Bagobira wannan ba baƙuwar ƙasa ba ce, domin da wuya gidan da ba shi da dangi a Tsibiri ko Gidan Rumji ko Madarumfa. Tun daga 2019 an tsugunar da 'yan gudun hijira a ƙauyuka irin Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da bakin iyaka, domin ƙauyukan kan iyaka su ma ba su tsira daga 'yan bindiga ba. Maraɗi gari ne na fatauci. Sai dai ki tuna wata ƙasa ce: kuɗinsu sefa ne, tsarin makarantunsu na boko daban yake da namu, ko da yake a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Duk mai zuwa can ya tafi da takardunsa, ya yi rajista da hukuma, ya kuma san cewa hanya na iya rufewa ba shiri.

Kano. Idan don kayan aiki ne da masu saye, babu kamar Kano. Kantin Kwari na nan da yadi da atamfa iri-iri, teloli ba sa ƙirguwa, kuma duk inda tela yake akwai ƙyalle. Ga marinar Ƙofar Mata ga Kasuwar Kurmi inda baƙi ke neman aikin hannu. Amma haya da tsada, ruwa saye ake yi a unguwanni da yawa, kuma gari ne babba da zai iya haɗiye baƙon da ba shi da kowa. Kada ki je Kano don sunanta. Ki je don kin san takamaimiyar unguwa da takamaiman gidan da za ki sauka.

Zariya. Cikin birnin Zazzau mata sun daɗe da karɓe aikin surfanin manyan riguna na hannu, suna yi a cikin gidajensu. Akwai ma ƙungiyar mata masu wannan aiki da ke ɗauke da sunan Sarauniya Amina, wadda aka kafa a 1994. Ga mai son ta ƙware a aikin allura, makaranta ce babba. Nisanta da gida da sanyin hunturunta su ne abin dubawa.

Ni dai ga 'yar uwarmu ta Tozai, tunda da tsohuwa mai ciwo a tare da su, na fi karkata ga Sakkwato ko Maraɗi, duk inda aka tabbatar akwai matan da za ta zauna da su. Amma ita da maigidanta suka san aljihunsu da danginsu.

TAMBAYOYI BAKWAI KAFIN A ƊAURA KAYA

Gani ya kori ji. In da hali, maigida ko wata babba a dangi ta je ta kwana biyu a unguwar tukuna. In babu hali, a kira mace a waya, domin namiji zai gaya miki kuɗin haya ne kawai, mace ce ta san tsakar gida. Ki tambaye ta:

1. Matan unguwar wace sana'ar hannu suke yi, kuma a gidan wa suke taruwa?
2. Suna karɓar baƙuwa, ko sai 'yar gari?
3. Akwai teloli kusa? Ƙyallaye kyauta suke bayarwa ko a buhu suke sayarwa?
4. Wa ke fitar da kaya kasuwa, kuma nawa dillaliya ke cira?
5. Akwai Islamiyyar matan aure ko reshen wata ƙungiyar mata, irin FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985? Sau da yawa daga aji ake samun abokan sana'a.
6. Ina ake samun ruwa, kuma nawa ne? Mai rini da wankin ƙyalle ba ta rabuwa da ruwa.
7. Yaya nisan makaranta da asibiti?

Idan kin tattara amsoshin, ki samu maigida a lokacin da hankalinsa ke kwance. Kada ki ce masa kina son gari kaza don ƙawayenki na can. Ki nuna masa lissafi: a wuri kaza zan iya ɗauke mana kuɗin sabulu da cefane da littattafan yara kafin ka samu abin yi. Namijin da ya bar gonarsa da rumbunsa yana cikin zullumin yadda zai ciyar da ku, wannan magana za ta shige shi. Sannan ku yi istihara, ku nemi albarkar iyaye.

Wajen ɗaure kaya kuma, allura da zare da almakashi da samfurin aikinki mafi kyau guda biyu su kasance a jakar da ke jikinki, tare da katin ɗan ƙasa da katin rigakafin yara. In kina da keke, a kwance kan a naɗe shi cikin zane, ƙafar ana samun wata. Kada a sayar da shi don kuɗin mota sai in babu makawa.

GA WADDA BA TA IYA BA

Ki tara ƙyallayen atamfa da shadda da yadin auduga. Ki guji leshi da yadin roba. Ki wanke su, ki shanya, ki goge, ki ware masu zuba. Ki yanka kwali murabba'i kamar faɗin tafin hannunki ya zama ma'auni, ki yanka duk ƙyallayen daidai da shi. Ki jera su a tabarma, mai duhu kusa da mai haske, har tsarin ya yi miki. Ki haɗa su layi-layi, sannan ki haɗa layukan. Wannan shi ne fuska.

Sai ki shimfiɗa zane mai ƙwari a ƙasa ya zama baya, ki ɗora tsohon bargo ko tsofaffin zannuwa biyu ko auduga da aka buga ta yi laushi, ki rufe da fuskar. Ki kama su da manyan ɗinki don kada su zame. Daga nan ki fara bi da ƙananan ɗinki daga tsakiya zuwa baki, tsakanin layi da layi kamar yatsu biyu ko uku. In kika fara daga baki, tsakiyar za ta tattare. A ƙarshe ki naɗe bakin da dogon ƙyalle.

Ki fara da shimfiɗar jariri, yadi ɗaya tsawo da faɗi, domin tana saurin ƙarewa kuma ba a daina haihuwa. Babban bargon gado kuwa shi ne aikin taro: mata huɗu, kowace ta kama kusurwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wajen sa kuɗi, ki haɗa abin da kika kashe na zare da ƙyalle da sabulu, ki ƙara ladan kwanakin da kika yi. Kada ki karya farashi don ke baƙuwa ce, za ki ɓata wa matan da suka karɓe ki kasuwa, ki kuma ɓata zama. Ki fara ɗinkin hunturu tun damina, kafin sanyi ya sauka kayanki na hannu.

In kuma kin je kin tarar babu irin wannan zama a unguwar, to ke ki fara. Ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan azahar ki fito da aikinki. Mata ba sa ganin abu mai kyau su wuce ba su tambaya ba.

KE KUMA 'YAR GARI

Uwargida da ke zaune lafiya a Sakkwato ko Kano ko Katsina ko Maraɗi, wataƙila a kangon da ke bayan gidanki akwai irin wannan baiwar Allah. A garinsu tana da ɗaki da gado da jere, tana da awaki, tana aika wa maƙwabta tuwo. Kwanon abincin da kike aika mata Allah ya ba ki lada, amma ki ƙara da abu ɗaya: ki je da ƙafarki ki tambaye ta abin da ta iya. Ki kira ta cikin zamanku. Ki ce wa telanki ya riƙa tara mata ƙyallaye maimakon ya ƙone su. In ta yi shimfiɗa ki saya da kuɗinta, ki kai gidan suna ki ce ga wadda ta yi. Mutanen Madina da suka karɓi masu hijira har hanyar kasuwa suka nuna musu.

Ita kuma 'yar uwarmu ta Tozai, na ce ta nemi lambobin sauran biyar ɗin nan da suke zaman ɗinki tare, ta ji inda kowace ta sauka. Mai yiwuwa amsar tambayarta na wurin ɗaya daga cikinsu.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Zamfara da Katsina da duk inda ake cikin tsoro, ya mai da kowa gidansa cikin aminci, ya sa albarka a abin da hannayenmu ke yi. Masu irin wannan zaman ɗinki a unguwanninsu, ku rubuto ku gaya mana yadda kuke tafiyar da shi domin wasu su amfana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wassalamu alaikum.